Yafiya da sulhu: me Littafi Mai Tsarki ya ce?

Tun da gwamnatin Simon Lalong ta ware 7 ga Fabrairu a matsayin ranar yafiya a Filato, kalmar ta zama ruwan dare a Jos. Da an kai hari, kafin ƙasar kabari ta bushe, sai ka ji wani babba a rediyo yana cewa a yafe, abin da ya wuce ya wuce. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake haɗa yafiya da sulhu da yin shiru, a kira su da suna ɗaya.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san ayoyin da ake ganin kamar suna karo. A Matiyu 18:22, Yesu ya ce wa Bitrus ya yafe bakwai har sau saba'in. A Luka 17:3 kuma ya ce idan ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Ni ban ga saɓani ba. Yafiya ita ce ka ajiye ramuwa, ka bar wa Allah sakayya, kamar yadda Romawa 12:19 ta koyar, kuma wannan kana iya yi ko mai laifin bai zo ba. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, sai da tuba.

Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka bai tsaya kan "ku yi haƙuri" ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu, irin ma'aunin Fitowa 22:1, tumaki huɗu a bakin tunkiya ɗaya da aka sace. Bayan nan ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Wanda yake noma gonar da aka kori mai ita, yana kiran a yafe, ina ninki huɗunsa? Ko gonar ma bai mayar ba.

Hukuma kuma aikinta daban ne, Romawa 13:4 ta ce ba a banza take riƙe da takobi ba. Gwauruwa tana iya yafe wa wanda ya kashe mijinta, amma yafiyarta ba ta sauke wa gwamnati nauyin hukunci ba. An kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi bayan rikicin Jos na 2001, da na Bola Ajibola bayan na 2008, kuma waɗanda suka rasa 'yan'uwansu suna da haƙƙin tambayar abin da aka yi da rahotannin.