Yadda Garkuwar Jiki Ke Hura Wutar Ciwon Dasashi, Da Yadda Take Kashe Ta

Ba bakteriya ce ke jawo ciwon ba? Ina ruwan garkuwar jiki?

Bakteriya ce ke tsokano faɗan, amma yawancin ɓarnar daga martanin jiki take fitowa. Dauɗa ta taru a gindin haƙori, jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini, dasashi ya kumbura yana zub da jini. A 1965 wani masanin haƙori, Harald Löe, ya gwada haka a Denmak: masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙori, cikin kwana 10 zuwa 21 kumburi ya bayyana, da suka koma gogewa sai ya lafa.

Waɗanne ƙwayoyi ne a bakin daga?

Niyutrofil ne, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Kullum suna kwarara cikin ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi suna haɗiye bakteriya. Idan suka yi yawa suka daɗe, sinadaran da suke fesawa su ke cin naman dasashi. Rashinsu ma masifa ne: yaran da aka haifa da lalurar da ke hana niyutrofil isa dasashi sukan rasa haƙora tun suna ƙanana, domin jiki na ta ƙwala kiran agaji da sinadarin IL-17 ba mai amsawa, sai kumburin ya yi ta ƙaruwa.

To wa ke cewa "ya isa"?

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Idan niyutrofil suka mutu, wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofej ke kwashe gawarwakinsu, kuma wannan sharar ce ke juya makrofej ɗin daga mayaƙa zuwa masu gyara. Wasu ƙwayoyin garkuwar kuma, da ake kira Treg, suna sanyaya sauran. Idan wannan birkin ya lalace, ƙwayoyin garkuwa masu rura kumburi da ake kira Th17 su rinjaya, sinadarin RANKL ya ƙaru, ya tayar da ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi. Daga nan haƙori ya fara girgiɗi. Bakteriyar Porphyromonas gingivalis, ɗaya daga cikin masu tsokano ciwon, ma kumburin take so, don da ragowar nama da jini take rayuwa.

Ana warkewa?

Kumburin farko yana warkewa sarai da tsabta. Ƙashin da ya narke kuwa da wuya ya dawo, sai dai likitan haƙori ya kankare dauɗar ƙarƙashin dasashi ya tsayar da ɓarnar. Masu ciwon suga su kula sosai. Masu shan taba kuma kada rashin ganin jini ya ruɗe su, domin taba na takure jijiyoyin jinin dasashi ta ɓoye alamar.