Sanar da Iyaye da Shigar da Su Zaman Tsara Karatun Yara Masu Buƙata ta Musamman a Amurka

A dokar ilimi ta Amurka, makarantar gwamnati ba ta da ikon yanke shawara a kan karatun yaro mai naƙasa ita kaɗai. Wajibi ne ta sanar da iyayensa, ta gayyace su zaman da za a tattauna lamarinsa, kuma ta ba su damar yin magana a matsayin cikakkun mambobin kwamitin da ke tsara masa karatu. Wannan haƙƙi yana cikin dokar tarayya da aka fi sani da gajeren sunanta, IDEA, wato dokar ilimantar da masu naƙasa, wadda sashenta na karatun makaranta ya shafi yara daga shekara 3 zuwa 21. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, yara kimanin miliyan 7.5 ne suka ci gajiyar dokar, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati, kuma kowannensu yana da rubutaccen tsarin karatu nasa na kansa, wanda malamai da iyaye ke kira IEP.

Asali

Kafin shekarun 1970, jihohi da dama a Amurka suna da dokokin da suka bai wa makarantu damar korar yaron da suka ga ba zai iya koyo ba, sau da yawa ba tare da an saurari iyayensa ba. Iyayen ne suka fara tayar da ƙayar baya a kotuna. A jihar Fensilbaniya wata ƙungiyar iyayen yara masu raunin fahimta ta kai gwamnatin jiha ƙara a 1971, sannan a 1972 kotun tarayya a birnin Washinton ta yanke hukunci a shari'ar Mills cewa rashin kuɗi ba hujja ba ce ta hana yaro karatu. A duka shari'o'in biyu an tabbatar da cewa ba za a canza wa yaro matsayinsa a makaranta ba sai an sanar da iyayensa kuma an ba su damar ƙalubalantar matakin.

Majalisar dokokin ƙasar ta ɗauki wannan ƙa'ida ta mayar da ita doka a 1975, shugaba Gerald Ford kuma ya sa mata hannu a watan Nuwamba na shekarar. A gabatarwar dokar, majalisar ta bayyana cewa yara miliyan ɗaya masu naƙasa ba sa zuwa makarantar gwamnati kwata-kwata. An sauya wa dokar suna zuwa IDEA a 1990, aka yi mata manyan gyare-gyare a 1997 da 2004. Gyaran 1997 ya ƙarfafa matsayin iyaye sosai, domin ya sanya su cikin masu yanke shawara a kan ko yaro ya cancanci ilimi na musamman da kuma ajin ko makarantar da za a kai shi.

Wane ne uba ko uwa a idon doka

Dokar ba ta taƙaita ma'anar iyaye ga waɗanda suka haifi yaro ba. Ta haɗa da wanda ya ɗauki yaro riƙo a hukumance, da majiɓincin da kotu ta naɗa, da duk wanda yaron ke zaune a hannunsa yana riƙe da shi kamar ɗansa, ko kaka ce, ko mijin uwa, ko matar uba, ko wani daga cikin dangi. Idan an nemi iyaye an rasa, ko yaron yana hannun gwamnati, ko matashi ne marar matsuguni da ba shi da mai kula da shi, dole ne hukuma ta naɗa masa wakilin iyaye, tana ƙoƙarin yin hakan cikin kwana 30 daga ranar da aka gano yana buƙatarsa. Wannan wakili ba zai zama ma'aikacin hukumar ilimin da ke kula da yaron ba, saboda mai biyan kuɗin hidima ba zai dace da zama mai neman hidimar a madadin yaro ba.

Takardar gayyata

Ƙa'idojin tarayya sun ce a sanar da iyaye tun da wuri yadda za su samu halarta, kuma a sa lokaci da wurin da ɓangarorin biyu suka amince da su. Ba su faɗi adadin kwanaki ba, sun bar wa jihohi wannan. Shi ya sa a Teksas ake ba da sanarwa aƙalla kwanakin makaranta 5 kafin zaman, a Ilinoi kuma kwana 10, ko da yake iyaye na iya yafe wannan wa'adi idan suna son a zauna da gaggawa.

Takardar dole ta faɗi dalilin zaman, da ranarsa, da wurinsa, da waɗanda za su halarta. Dole kuma ta sanar da iyaye cewa suna da damar zuwa da duk wanda suke ganin ya san yaron ko ya san larurarsa, kamar likita, ko ɗan'uwa, ko mai fafutukar kare haƙƙin iyaye, kuma wanda ya gayyato mutumin ne ke da ikon cewa yana da wannan sani. Faɗin dalilin zaman ba ƙaramin abu ba ne. Uwar da aka gaya wa za a yi bitar shekara ce kawai, ta zo ta tarar ana maganar ɗauke ɗanta daga ajinsa zuwa wata makaranta, an zalunce ta ko da an ba ta kujera a wurin, domin ta zo ba shiri, ba takardun likita, ba wanda zai tsaya mata.

Idan yaro ya kusa shekara 16, akwai ƙari. Tsarin karatunsa zai fara duba rayuwarsa bayan sakandare, wato karatu na gaba, da sana'a, da zaman kansa idan da hali. Saboda haka takardar za ta nuna cewa za a tattauna wannan, kuma za a gayyaci yaron da kansa, tare da ambaton duk wata hukuma ta waje da za a nemi ta turo wakili. Jihohi da yawa suna mayar da haƙƙoƙin iyaye hannun ɗalibin idan ya kai shekarun balaga a doka, galibi 18, kuma dole a sanar da shi hakan shekara ɗaya kafin lokacin.

Ana yawan rikita takardar gayyata da wata takarda ta daban, wato rubutacciyar sanarwar da makaranta ke bayarwa kafin ta aiwatar da wani canji ko idan ta ƙi amincewa da abin da iyaye suka nema. Ta farko kira ce zuwa zama. Ta biyu bayani ne a rubuce na abin da makaranta ta ƙudura, da dalilinta, da gwaje-gwajen da ta dogara da su, da sauran hanyoyin da aka duba aka ajiye. Ga iyayen da suka san amfaninta, wannan takarda ta biyu ita ce makami mafi kaifi, domin ƙin da aka yi da baki a ɗakin taro yana iya ɓacewa, amma wanda aka rubuta da dalilansa ana iya kai shi gaba.

Zaman kansa

Waɗanda doka ta ce su zauna su ne iyaye, da aƙalla malamin aji ɗaya idan yaron yana shiga aji na gama-gari, da malamin ilimi na musamman, da wakilin hukumar ilimi ta gunduma wanda ya san manhaja da kayan aikin da hukumar ke da su, da wanda zai iya fassara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa yaron, sai yaron kansa a duk lokacin da ya dace. Ba a ɗauke wa ɗaya daga cikin ma'aikatan nan halarta sai iyaye sun yarda a rubuce. Zaman farko ana yin sa cikin kwana 30 bayan an tabbatar yaro ya cancanta, daga nan kuma aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma iyaye na iya neman a zauna a tsakani idan sun ga abu ya karkace. Suna da damar duba fayil ɗin yaron kafin zaman, kuma ana ba su kwafin tsarin kyauta bayansa.

Makaranta dole ta yi duk abin da ya kamata don iyaye su fahimci abin da ake faɗa, har da samar da tafinta ga kurame masu amfani da maganar hannu da waɗanda Turanci ba harshensu na gida ba ne. Wannan ya shafi baƙin haure kai tsaye, ciki har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da ke zaune a unguwanni irin su Bronx a birnin Niyok, waɗanda ke da haƙƙin neman tafinta ba tare da sun biya ko sisi ba. Sanya babban ɗa ko 'yar gida ta yi tafinta a zaman da ake tattauna larurar ƙanenta ba ya sauke wannan nauyi yadda ya kamata, kuma yana ɗora wa yarinya kayan da ba nata ba.

Idan iyaye ba su samu zuwa ba

Idan uba da uwa duka ba za su iya zuwa ba, sai a nemi wata hanya, kamar wayar tarho ko taro ta bidiyo, wadda ta zama ruwan dare tun lokacin annobar korona a 2020. Makaranta na iya zama ba tare da iyaye ba ne kawai idan ta kasa shawo kansu su halarta, kuma sai ta ajiye shaidar ƙoƙarinta: kiran wayar da aka yi da abin da ya biyo baya, kwafin wasiƙun da aka aika da amsoshinsu, da ziyarar da aka kai gida ko wurin aiki.

Akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙi zuwa da wanda ya nemi a ɗage rana, kuma kotu ta fayyace shi a 2013 a shari'ar Doug C. da hukumar ilimi ta jihar Hawai. Uban wani matashi mai larurar galahanga, wato autism a Turance, ya sanar da makaranta cewa ba shi da lafiya, ya roƙi a ɗage zaman zuwa mako mai zuwa. Hukumar ta ƙi, bisa hujjar cewa wa'adin bitar shekara ya kusa cika kuma ma'aikatanta sun riga sun tsara lokutansu, ta yi zamanta, ta kuma canza wa yaron makaranta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce hukumar ta karya doka, domin idan ƙa'idoji biyu suka ci karo, halartar uba ta fi cika wa'adi da 'yan kwanaki muhimmanci, kuma zaman da aka kira daga baya don a karanta masa abin da aka riga aka yanke bai gyara ɓarnar ba. Hukuncin ya yi daidai, domin ranar da ke kan kalanda an sa ta ne don amfanin yaro, ba yaron aka yi dominta ba.

Halarta da sunan halarta

Matsalar da ta fi wuyar magani ita ce zaman da aka gama yanke shawararsa tun kafin iyaye su shigo. Doka ta yarda ma'aikata su yi shiri a tsakaninsu, har su zo da daftari, amma da sharaɗin su zo da niyyar sauraro. A shari'ar Deal ta 2004, wadda ta taso daga jihar Tenesi, kotun ɗaukaka ƙara ta gano cewa hukumar ilimi tana da wata manufa da ba a rubuta ba ta ƙin wani salon koyarwa ga yara masu galahanga ko da me iyaye suka kawo, ta ce halartar iyayen ta zama ta jeka-na-yi-ka kawai. Tun a 1982, a shari'ar Rowley, Kotun Ƙoli ta nuna cewa majalisa ta bai wa bin matakan shigar da iyaye muhimmanci daidai da wanda ta bai wa abin da tsarin ya ƙunsa, kuma a 2007, a shari'ar Winkelman, ta tabbatar da cewa iyaye suna da haƙƙoƙi nasu na kansu a ƙarƙashin dokar, har suna iya kai ƙara kotun tarayya a kansu ba tare da lauya ba.

Duk da haka ƙarfin ɓangarorin ba ɗaya ba ne. Uwa ɗaya tana iya samun kanta a gaban ma'aikata biyar ko shida da suka saba da juna, suna magana da gajerun kalmomin sana'arsu, suna karanto maki da alƙaluman gwaji, alhali ita ta bar aikin da ake biyan ta da awa don ta zo. Ba a ƙuri'a a wannan zama. Ana neman daidaito ne, idan kuma bai samu ba, makaranta ce ke yanke shawara ta rubuta dalilinta. Inda maganar iyaye ta fi nauyi shi ne gwajin farko da fara ba yaro hidima karon farko, waɗanda ke buƙatar amincewarsu a rubuce, kuma suna iya janye yaron daga ilimi na musamman gaba ɗaya idan sun rubuta.

Wanda bai gamsu ba yana iya neman a sake gwada yaron a wajen ƙwararren da ba ma'aikacin makaranta ba, ko ya nemi sulhu ta hannun mai shiga tsakani, ko ya kai koke hukumar ilimi ta jiha wadda za ta bincika cikin kwana 60, ko ya nemi a saurari ƙararsa gaban jami'i mai zaman kansa, inda dole hukuma ta kira zaman sasantawa cikin kwana 15. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2005 a shari'ar Schaffer ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya shigar da ƙarar, wanda galibi iyaye ne, sai dai a jihohin da suka yi dokarsu ta daban. Kuma tun gyaran 2004, kuskuren bin ƙa'ida ba ya isa a ce an tauye wa yaro haƙƙi sai idan ya hana shi amfanin karatu, ko ya daƙile damar iyaye ta shiga yanke shawara daƙilewa mai tsanani.

A wasu ƙasashe

Ingila tana da tsari mai kama da wannan a ƙarƙashin dokar yara da iyalai ta 2014, inda ake rubuta wa yaro tsari guda da ya haɗa ilimi da lafiya da kulawa. Ana ba iyaye aƙalla kwana 15 su yi tsokaci a kan daftarin kuma su faɗi makarantar da suke so, sannan ana sanar da su zaman bitar shekara aƙalla mako biyu kafin ranar. A Faransa, dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta kafa ofishin masu naƙasa a kowace gunduma, kuma kwamitin da ke bin diddigin karatun yaro a makaranta ba ya zama ba tare da iyaye ko wakilinsu ba.