Harafin da ke jikin jirgi: abin da dokar Turai ta ce kan shiga teku da ƙaramin jirgin kamun kifi

In ka shiga ƙaramin jirgin ruwa mai inji da aka ƙera don kasuwar Tarayyar Turai, ka duba kusa da inda matuƙi ke tsayawa. Za ka ga wani ɗan faranti manne a jiki, bai fi tafin hannu ba. An rubuta sunan kamfanin da ya ƙera jirgin, da tambarin CE mai nuna cewa jirgin ya bi ƙa'idojin Tarayyar Turai, da yawan mutanen da zai ɗauka, da nauyin lodi, sannan harafi guda: A, ko B, ko C, ko D. Mai saye yakan tsaya kan ƙarfin inji da kyan fenti, ya wuce harafin nan bai ko kalle shi ba. Alhali shi ne amsar da doka ta bayar ga tambayar da ta fi kowace nauyi: wane irin ruwa jirgin nan zai iya shiga ya fito?

Dokar ita ce mai lamba 2013/53/EU, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Janairun 2016, ta gaji wata ta shekarar 1994. Ta shafi jiragen nishaɗi masu tsawon mita 2.5 zuwa 24, kuma a cikinsu ne buɗaɗɗun jiragen nan marasa rufi suke, waɗanda mutane ke fita da su teku kamun kifi da fatsa ranar hutu. Jiragen masunta na sana'a suna da nasu dokokin daban. Kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili ba ya ciki, haka jirgin tsere, haka wanda mutum ya ƙera wa kansa, muddin bai sa shi a kasuwa ba cikin shekara 5.

Abu biyu aka auna wajen raba haruffan: ƙarfin iska da tsayin igiyar ruwa. Iskar ana auna ta ne da ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Jirgi mai D an yi shi don iskar da ba ta wuce mataki na 4 ba, wato kilomita 28 a awa, da igiyar da ba ta kai rabin mita ba sai jefi-jefi. Wannan ruwan tafki ne ko kogi a ranar da gari ya yi lafiya. Mai C yana jure mataki na 6, kusan kilomita 49 a awa, da igiya mai mita 2. Mai B yana kaiwa mataki na 8, kilomita 74 a awa, da igiya mai mita 4. Mai A shi ne na sama da haka, amma ko shi dokar ta fito fili ta ce ban da mahaukaciyar guguwa.

Galibin buɗaɗɗun jiragen kamun kifi C ne. Wanda bai kai mita 6 ba kuwa, ƙa'idar gwajin jirage ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 12217 ba ta ma ba shi damar wuce C.

A tsohuwar dokar kowane harafi yana da laƙabi: na tsakiyar teku, na nesa da gaɓa, na kusa da gaɓa, na ruwa mai kariya. Sabuwar ta cire laƙaban, kuma a ganina wannan gyara ne mai kyau ƙwarai. Laƙabi yana sa mutum ya ɗauka cewa muddin yana hango gaɓa, yana cikin hurumin jirginsa. Ba haka teku take ba. Bakin kogi, inda ruwan da ke fita ke karo da igiyar da ke shigowa, yakan fi tsakiyar teku mugunta, ga shi kana hango rufin gidaje. Harafin yanayi yake faɗa maka, ba nisa ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wannan mita 2 ɗin. Mutum zai ji an ce jirginsa na jure igiya mai mita 2, ya ji hasashen yanayi ya ce yau igiya mita 2 ce, sai ya ce ai daidai ke nan. Amma adadin ba tsayin igiya mafi girma ba ne. Ga yadda ake fitar da shi: a ce igiyoyi 90 sun wuce, sai a ware guda 30 da suka fi tsayi, a ɗauki matsakaicinsu, ana aunawa daga kwarin igiya zuwa ƙololuwarta. To a cikin waɗannan talatin akwai waɗanda suka zarce matsakaicin da nisa, kuma in ka daɗe a ruwan, za ka haɗu da wadda ta kusa ninka shi. Ma'ana, a ranar da aka ce mita 2, ka sa ran wata mai kusan mita 4, sama da katangar gida. Tsayin ma ba shi kaɗai ba ne. Doguwar igiya mai tafiya a hankali takan ɗaga ƙaramin jirgi ta sauke shi lami lafiya. Gajera mai tsini, wadda ke zuwa a jere ba ta ba ka numfashi, musamman in iska ta saɓa wa gudun ruwa, ita ke fashewa a cikin jirgi.

Buɗaɗɗen jirgi kuwa, ruwan da ya faɗo cikinsa ba shi da rufin da zai kore shi. Mu yi ɗan lissafi. A ce ƙasan jirgin yana da tsawon mita 4, faɗi mita ɗaya da rabi. Igiya ta zubo ruwa mai zurfin santimita 10, iya idon sawu. Wannan lita 600 ke nan, kilo 600, nauyin buhun siminti 12. Su buhunan siminti ma suna zama inda aka ajiye su. Ruwa ba ya zama. Jirgi ya ɗan karkata hagu, duk kilo 600 ɗin sun kwarara hagu sun ƙara danne shi. Bakin jirgin ya matso kusa da ruwa, igiya ta biyu ta shigo cikin sauƙi fiye da ta farko, ta uku kuma ba sai ta yi girma ba. Ta baya aka fi shan wannan, wajen da ake rataya inji, domin nan ne katangar jirgi ta fi gajarta. In inji ya mutu, jirgin kan juya ya ba igiya gefe ko baya, kuma mai kwasar ruwa da bokiti ba zai iya tsere da teku ba.

Saboda haka dokar ta ɗora wa mai ƙira wasu sharuɗɗa. Jirgin da bai kai mita 6 ba, wanda ruwa ke iya cika shi, dole a sa masa abin da zai riƙe shi a saman ruwa ko da ya cika, yawanci soso ko akwatunan iska da aka rufe a cikin jikinsa. Wajen tsayuwar mutane ya zama yana zubar da ruwa da kansa, ko a samar da wata hanyar hana ruwan shiga cikin jirgi. Dole kuma a bai wa mai saye littafin bayani. Amma a fahimta: jirgin da ba ya nutsewa yana iya kifewa, ya bar mutane suna maƙale da bayansa cikin ruwan sanyi.

Lodi ma yana canza harafi. Akan ga faranti ɗaya ɗauke da haruffa biyu, misali C da mutum 5, D da mutum 7. Ana lissafa kowane babba a kan kilo 75. Ka haɗa da jarkokin mai, da akwatin ƙanƙara, da kifin da aka kama, sai ka tarar jirgin da ya fita da safe a matsayin C ya dawo da yamma da nauyin da bai dace da wannan ruwan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Kwara wajen Yawuri ranar kasuwa ya ga yadda lodi ke cinye bakin jirgi har ya rage ɗan taƙi, ya san abin da ake nufi, sai dai a teku igiyar da za ta ci wannan taƙin ba ta jira.

Akwai wani gurbi a dokar da ke damuna. Jiragen A da B dole wata hukuma mai zaman kanta da aka amince da ita ta sa hannu a gwajinsu. Amma ƙaramin jirgin C da bai kai mita 12 ba, in kamfanin ya ce ya bi ƙa'idojin da aka amince da su, an yarda ya tantance kansa da kansa. Ke nan ƙaramin jirgin da ke da rauni a gaban igiya, shi ne wanda harafinsa ke iya zama maganar mai sayarwa kawai.

Sannan dokar mai ƙira da mai shigo da kaya take ɗaurewa. Ba ta hana matuƙi fita ba. Wannan aikin kowace ƙasa ne. Faransa, alal misali, ta tsara kayan ceton da za ka ɗauka bisa nisanka da mafaka: zuwa mil 2 na teku, daga 2 zuwa 6, daga 6 zuwa 60, sai abin da ya haura 60, kuma kowane mil na teku mita 1,852 ne. Kana ƙara nisa, kayan da ake nema a hannunka suna ƙaruwa.

Wanda ya ci karo da irin jirgin nan na hannu a Legas ko Tema ta Ghana, farantin yana nan da amfaninsa, amma yana bayanin jirgin ne yadda ya fito daga masana'anta. Soson da ke ciki yana iya shan ruwa bayan shekaru ya zama nauyi. In an cire injin asali an rataya wanda ya fi shi girma, bayan jirgin ya ƙara nutsewa, har ramukan da aka yi don fitar da ruwa su koma ƙarƙashin ruwa su riƙa shigo da shi. Kafin a biya kuɗi, a sa jirgin a ruwa, mutum biyu su tsaya a baya kusa da inji, a duba ko ƙafarsu ta jiƙe.