Wuƙar likita ba ta fusata ciwon daji

A gidajen Hausawan Jidda da Makka har yanzu ana faɗin wata tsohuwar magana, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da an yanka shi sai ya fusata ya bazu. Saboda ita mata da yawa ke ɓoye ƙullutun nono har sai ya fashe, abin da ban takaici ƙwarai.

Daji yana farawa ne idan ƙwayoyin gado da ke tsara rabuwar ƙwayoyin jiki suka samu tangarɗa, sai ƙwaya ta dinga ninkuwa ba tsayawa. Yakan ɗauki shekaru kafin a ji shi da hannu. A tsawon lokacin nan wasu ƙwayoyin kan ɓalle su bi jini ko ruwan kaluluwa, su sauka a hanta, huhu ko ƙashi. Shi ya sa wanda aka yi wa tiyata a makare sai a ga ciwon ya ɓulla wani wuri, a ɗora wa wuƙa laifi, alhali ya riga ya isa can tun kafin a taɓa shi.

Ɗan naman da ake tsakura a kai gwaji kuwa, shi ke nuna irin dajin. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na dajin nono suna ɗauke da HER2, wani sinadari da ke sa ƙwayoyin jiki ninkuwa, fiye da ƙima, kuma tun 1998 aka amince a Amurka da trastuzumab, maganin da ke kama wannan sinadari kai tsaye. In ba a yi gwajin ba, likita ba shi da hanyar sanin ko maganin zai amfani mai jinya.