Gam, sholisho da mutuwar ƙafa: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Me ya haɗa warin gam da ƙafa?

Sinadarin hekzan da ke cikin wasu gam na takalmi da sholisho. Ka shaƙa, hanta ta mayar da shi wani dafi, dafin ya bi jini ya shiga jijiyoyin da ke kai saƙo.

Me yake yi a can?

Ƙwayar jijiyar da ke motsa yatsun ƙafa tana cikin lakar baya, zarenta ya kusa mita 1. A jikin ƙwayar ake ƙera furotin, sannan wasu ƙananan injina biyu su yi jigila: kinesin ya kai, dainin ya dawo da abin da ya lalace. Jigila mai sauri na cin kusan milimita 400 a rana. Dafin yana manne zaruruwan cikin jijiyar su dunƙule, wurin ya kumbura, kaya su tsaya. Kamar motar Agadas ce: in hanya ta yanke, garin ƙarshe ke fara rasa hatsi. Shi ya sa yatsun ƙafa ke fara mutuwa, hannu daga baya.

Madara na kashe dafin?

A'a. Ku daina dogara da ita.

Takunkumin yadi fa?

Ƙura yake tarewa, ba tururin gam ba. Dukawa, ku fito da aikin gam waje inda iska ke kaɗawa, ku rufe gwangwani, kar yaro ya kwana a shagon.

Na bar aikin, amma ƙafar sai ƙara nauyi take. Zan warke?

Kwantar da hankali, malam. Da hekzan an san haka: ciwon kan ci gaba wata 1 zuwa 4 bayan an daina shaƙa, kafin ya juya. Jijiya na tsirowa kusan milimita 1 a rana, saboda haka maganar watanni ce, wani lokaci ta wuce shekara. Wanda abin ya tsaya masa a jin kamar tafiyar kiyashi, yawanci yana dawowa daidai. Wanda takalmi ke sulluɓe masa bai sani ba, ko yana jan ƙafa, zai iya samun sauƙi amma da saura. In dafin ya taɓa laka, taurin ƙafa kan zauna. Kuma kar ka yanke wa kanka hukunci: ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, kuturta da maganin tarin fuka duk suna kashe ƙafa. Je babban asibitin Damagaram a duba, ka tafi da gwangwanin gam ɗin.

Maganin feshin gona ma yana yi?

Wasu irinsa, eh. Mutum ya sha guba, ya farfaɗo, bayan mako 1 zuwa 4 ƙafafu su saki. A Maroko a 1959, man girki da aka gauraya da man injin jirgin sama, mai ɗauke da sinadari dangin na maganin feshin, ya shanye wa mutum wajen 10,000 gaɓoɓi. Har yanzu kuna zuba mai a jarkar feshi.