Kabon a kan bawul: ga amsoshin nan, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Maganin da ake zubawa a tanki zai wanke min bawul?

Ka fara sanin irin injinka. Idan injekta tana fesa mai ta bayan bawul ɗin shigar iska ne, kamar tsohuwar Corolla ko Camry mai inji 2AZ-FE, zai taimaka. Idan kuwa GDI ce, ko TSI ta Volkswagen, ko EcoBoost ɗin farko na Ford, man yana faɗawa cikin silinda kai tsaye, ko ɗigo ba ya taɓa bayan bawul. Zuba kwalba goma in ka so, injekta za ta yi fes, bawul yana nan da dattinsa. Na gaji da ganin mutane suna zubar da kuɗi a nan.

Wai mene ne kabon ɗin?

Baƙin mai ne da hayaƙi suka gasu a jikin ƙarfe mai zafi. Shi ke nan.

Ta ina baƙin mai ya kai can?

Inji yana tara tururin mai a cikinsa, bututun PCV ya mayar da shi hanyar iska don ya ƙone. A wasu motocin EGR ma yana dawo da hayaƙin salansa. Duk ta kan bawul suke bi. Da fari danƙo ne mai maiƙo, yana ɗaukar zafi sai ya bushe ya yi tauri kamar ƙanzon tukunya, hanyar iska ta riƙa tsukewa.

Yaya zan gane?

Mota tana karkarwa da safe kafin ta yi zafi, tana mis (wuta ba ta kamawa daidai a silinda), ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, fitilar inji ta kama. Kwamfuta kan nuna lambar mis, P0300, ko 'yan uwanta. Amma mataccen fulogi da koyil ma haka suke yi, saboda haka a duba su tukuna.

Ke nan na yi asara da na sayi GDI?

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Tun 1996 Mitsubishi ta fito da irin wannan inji a Galant, kuma yau yawancin kamfanoni shi suke yi saboda ƙarfi da tattalin mai. Toyota ta haɗa injekta iri biyu a inji ɗaya, abin da take kira D-4S, shi ya sa Lexus IS350 ba ta cika wannan ciwo ba, ƙanwarta IS250 kuwa an san ta da shi. Datti ne, ana cire shi.

Bakanike ya ce sai an wanke. In yarda? Ta wace hanya?

To, a nan ne ba zan iya ba ka amsa guda ba. Da farko ka ce ya nuna maka. Akwai 'yar kyamara mai dogon waya da ake zurawa, ko a cire manifol, wato bututun da ke kai iska ga bawul, ka leƙa da idonka. Wanda ya yanke hukunci daga jin ƙarar inji kawai, ni dai ban yarda da shi ba. Idan baƙi-baƙi ne sama-sama kuma mota ba ta damunka, ina ganin a bar shi, ba kowane datti ne ya kai a buɗe inji ba.

Idan ya fara kauri amma yana da laushi, maganin da ake fesawa ta hanyar iska inji na tafiya yana iya ragewa. Na ce ragewa. Kuma yana da haɗarinsa: in aka kwarara shi da yawa lokaci guda ruwa na iya cika silinda, in kuma ɓarɓashi mai tauri ya ɓalle yana iya maƙalewa a bakin bawul ko ya wuce ya illata tabo (turbo, mai ƙara wa inji iska) ko katalis (matatar hayaƙi ta salansa).

Idan ya riga ya daskare, sai an cire manifol. Hanya mafi tsafta ita ce a harba masa garin ɓawon walnat (wani ɗan itace mai taurin ɓawo) da iska mai ƙarfi ana zuƙewa a lokaci guda, domin ɓawon ya fi kabon tauri amma bai kai ƙarfe ba. Ba kowane gareji ke da injin ba. In babu, a jiƙa da magani, a kankare da hannu a hankali, hakan ma yana yi, sai dai yana cin yini. Ko wacce aka zaɓa, dole a juya inji har bawul ɗin silindar da ake wankewa ya rufe ruf, in ba haka ba dattin cikin silinda zai zube. Yashi kuwa, kar ka bari ko kusa. A sa sabon gasket wajen mayarwa. Kuma idan motar tana shan baƙin mai, a duba PCV da robobin bawul, don in ba a toshe kafar ba aikin zai dawo.

In na taka ta sosai a babban titi zai ƙone?

Wanda ya daskare, a'a. Doguwar tafiya tana rage saurin taruwa ne kawai.

To me zan yi kar ya dawo?

Zai dawo, sai dai ka jinkirta shi. Ku ne za ku bar mota a kunne awa guda kuna shan sanyi, ku yi ta gajerun tafiye-tafiye inji bai yi zafi ba, sannan ku sayi baƙin mai na awo a bakin titi don ya fi araha. Sayi wanda littafin motar ya ce, mai hatimin inganci na API SP in injin GDI ne mai tabo, ka sauya a kan lokaci. Da ƙurar hunturun nan tamu, matatar iska ma kar ka jira sai ta toshe.