Waiwaye: Manhajar Ciki da Tsarin Faifai a Akwatunan Ajiya na Gida

Duk wanda ya taɓa sayen akwatin ajiyar bayanai da ake haɗawa da hanyar sadarwar gida, wato na'urar da masu harkar ke kira NAS, ya san cewa a ranar da ya saka mata faifai ya kunna, takan jefo masa tambayar da bai shirya mata ba: da wane tsari za a yi wa faifan fomatin? Akasarin mutane sukan danna abin da aka riga aka zaɓa musu su wuce, alhali kuwa wannan amsa za ta zauna da su shekaru, domin faifan da aka cika da hotuna da takardu ba a sauya masa tsari sai an kwashe komai. A gefe guda kuma akwai manhajar da ke tafiyar da akwatin, wadda ake kira famwaya, wadda kamfani ke sabuntawa a lokacin da ya ga dama. Mai akwati yana zaɓar tsarin faifai sau ɗaya, amma famwaya ce ke yanke hukuncin ko wannan tsari zai ci gaba da aiki, kuma daga nan ne yawancin matsalolin wannan fage suka samo asali.

Tushen lamarin yana komawa ga Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, da kuma Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara rubutawa a Ostareliya a farkon shekarun 1990, wadda ta bai wa kwamfutar da ba ta Windows ba damar raba fayiloli da kwamfutocin Windows. Da waɗannan biyun suka samu kyauta, sai kamfanoni suka ga za su iya ƙera ƙaramar kwamfuta mai arha wadda ba ta da aiki sai riƙe faifai. An kafa Synology a Taiwan a 2000, QNAP ya biyo baya a 2004, kuma a wannan shekara ce Linksys ya fitar da NSLU2, ɗan ƙaramin akwati da ake jona masa faifan USB. A famwayarsa ta farko, sai an yi wa faifan fomatin da tsarin ext3 kafin ya karɓe shi, kuma mutane da dama ba su fahimci ma'anar haka ba sai ranar da suka zare faifan suka jona wa Windows ta nuna ba ta san shi ba. Bayanan suna nan lafiya, amma da harshen Linux aka rubuta su. Wannan akwati ne kuma ya tara masu sha'awa suka rubuta masa famwayar kansu, irin su Unslung, har wasu suka ɗora masa Debian, wani nau'in Linux, abin da ya nuna tun da wuri cewa ƙarfen na'ura na iya fin goyon bayan kamfaninsa tsawon rai.

Zaɓin farko da ya raba kawunan masu akwatuna shi ne tsakanin ext2 da ext3. Rémy Card ne ya fitar da ext2 a 1993, ext3 kuma, wanda Stephen Tweedie ya jagoranci aikinsa, ya shiga Linux a ƙarshen 2001. Bambancinsu guda ne amma mai nauyi: ext3 yana da kundi da yake rubuta abin da yake shirin yi kafin ya yi shi, ta yadda idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, sai ya duba kundin ya gyara cikin daƙiƙoƙi. Shi kuwa ext2 ba shi da wannan kundi, don haka sai an bi faifan daga farko har ƙarshe ana bincike, aikin da kan ɗauki sa'o'i a kan na'ura mai raunin kwakwalwa. Sai dai rubuta kundin yana rage gudu, kuma akwatunan wancan zamani ba su da gudun da za su yi asararsa, shi ya sa wasu suka riƙa zaɓar ext2 da saninsu. A ganina wannan ciniki ne marar riba, domin gudun da aka samu kaɗan ne, abin da aka jefa cikin haɗari kuwa shi ne dalilin sayen akwatin tun farko. Wasu kamfanonin ba su ma ba da zaɓi ba. Buffalo, alal misali, ya yi amfani da wani tsari mai suna XFS a akwatunansa na LinkStation da TeraStation.

Faifan waje da ake jonawa ta USB domin ɗaukar kwafi yana da nasa ciwon kai. Tsarin FAT32 na Microsoft kowace na'ura tana karanta shi, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. NTFS, tsarin da Windows ke amfani da shi, ba shi da wannan iyaka, sai dai akwatuna da yawa sun daɗe suna karanta shi ba tare da iya rubutu a kansa ba, har sai da NTFS-3G, manhajar da ke bai wa Linux damar rubutu a kansa, ta kankama a 2007, ita ma da nauyin tafiya. Shi kuma exFAT ya kasance ƙarƙashin lasisin Microsoft, har wasu kamfanonin NAS suna sayar da damar amfani da shi daban, kafin Microsoft ya bayyana ƙa'idojinsa a 2019.

Wajajen 2010 faifai suka girme wa akwatunan da aka ƙera domin su. Tsohon tsarin raba faifai na MBR ba ya iya ƙirga abin da ya wuce kimanin terabait 2, don haka da faifai masu terabait 3 suka fito, sai aka koma sabon tsari mai suna GPT, kuma akwatin da famwayarsa ba ta san GPT ba ko dai ya ƙi faifan ko ya ga wani sashe nasa kawai. A daidai wannan lokaci masu ƙera faifai suka sauya girman ƙwayar ajiya daga bait 512 zuwa 4096, wanda ya sa faifan da aka raba ba bisa daidai ba yake tafiyar hawainiya wajen rubutu. Sabunta famwaya ya magance wasu daga cikin waɗannan, amma sau da yawa gyaran ba ya shafar faifan da aka riga aka tsara, sai an sake fomatin. Haka abin ya kasance da ext4, wanda aka amince da ingancinsa a Disamban 2008: sabuwar famwaya takan kawo shi, amma mai tsohon faifai yakan ci gaba da zama a kan ext3. Akwai ma katangar da babu famwayar da ke rushe ta, wato iyakar terabait 16 ga rumbu guda (faifan da aka haɗe suka zama wurin ajiya ɗaya) a akwatuna masu kwakwalwar bit 32.

Sauyi mafi girma ya zo ne da tsare-tsaren da ba sa yarda da faifai ido rufe. ZFS, wanda Sun Microsystems ya fitar a 2005, da Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a Oracle a 2007, suna lissafa wa kowane guntun bayani lambar tantancewa, su ajiye ta, su kuma sake dubawa duk lokacin da aka karanta. Idan wani guntu ya lalace a ɓoye, za su gane, kuma idan akwai kwafinsa a wani faifan za su gyara. Ba sa kuma rubuta sabo a kan tsoho kai tsaye, wanda ya ba su damar ɗaukar hoton halin da fayiloli ke ciki a wani lokaci, a koma masa idan an goge abu bisa kuskure. FreeNAS, manhajar NAS ta kyauta wadda Olivier Cochard-Labbé ya fara a 2005 kuma daga baya ta koma TrueNAS, ita ce ta kai ZFS gidaje da dama; Netgear ya rungumi Btrfs a 2013, Synology ya faɗaɗa shi da famwayarsa DSM 6.0 a 2016, QNAP kuma ya fitar da tasa famwayar QuTS hero mai ZFS a 2020. Wannan ci gaba ne na gaske, amma yana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki mai yawa, don haka ƙananan akwatuna da dama ba su same shi ba. Kuma a akwatin Synology babu hanyar mayar da rumbun ext4 zuwa Btrfs a inda yake, sai an kwashe bayanai zuwa wani wuri, an rushe, an sake ginawa, an dawo da su. Wanda ke da terabait 10 sai ya nemi inda zai ajiye terabait 10 na ɗan lokaci, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutane su zauna a kan zaɓin da suka yi shekarun baya.

Tsoron irin wannan wahala ne ya koya wa mutane da yawa guje wa sabunta famwaya, suna ganin abin da ke aiki a bar shi ya huta. Wannan ra'ayi yana da hujja a lokacin da akwatin ba ya leƙa waje, amma ya zama tarko da zarar kamfanoni suka fara tallar cewa mutum zai iya buɗe fayilolinsa daga ko'ina ta intanet. A Agustan 2014 manhajar garkuwa da bayanai mai suna SynoLocker ta kulle akwatunan Synology da ke kan tsohuwar famwaya, ta hanyar wata ɓaraka da kamfanin ya riga ya toshe tun Disamban 2013. Bayan annobar WannaCry, wata manhajar garkuwa da bayanai, ta Mayun 2017, Microsoft ya daina kunna tsohuwar ƙa'idar raba fayiloli ta SMB1 a sababbin Windows 10, sai tsofaffin akwatunan da ba su san wata ƙa'ida ba suka ɓace wa masu su daga kwamfuta. Abin da ya fi ɗaga hankali ya faru a Yunin 2021, lokacin da masu My Book Live na Western Digital suka wayi gari suka tarar an shafe musu komai daga nesa. Waɗannan mutane ba su yi sakaci da sabuntawa ba, domin famwaya ta ƙarshe da aka fitar wa na'urar ta 2015 ce.

Sai kuma aka ga ɗaya fuskar lamarin a Janairun 2022, lokacin da wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta afka wa akwatunan QNAP tana neman bitkoyin 0.03 a kan kowane akwati. Kamfanin ya tura sabuwar famwaya da ƙarfi zuwa na'urori da yawa domin kare su, amma hakan ya dagula wa wasu ayyukan da suka tsara, ya kuma kawar da shafin da waɗanda aka kulle wa fayiloli ke buƙata domin shigar da mabuɗi. Mahawarar da ta biyo baya, kan ko kamfani na da ikon taɓa na'urar da ya riga ya sayar, ba ta ƙare ba har yau. Abin da ke ƙara mata zafi shi ne sabuntawar ba ta da hanyar dawowa a hukumance a wasu akwatunan, kuma takan cire abubuwa kamar yadda take ƙarawa: famwayar Synology DSM 7.0 ta 2021 ta daina goyon bayan na'urorin USB da dama da mutane suka dogara da su.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wadda ba a cika yi ba a ranar farko, ita ce wa zai iya karanta faifan idan akwatin ya mutu. Yawancin akwatunan da aka gina a kan Linux suna haɗa faifansu da wata manhajar Linux mai suna mdadm, su ɗora ext4 ko Btrfs a sama, saboda haka ana iya zare faifan a jona wa kwamfuta mai Linux a fito da bayanan, ko da kamfanin ya daina kula da na'urar. Drobo, wanda ya fito a 2007 kuma ya yi farin jini saboda sauƙinsa, ya bi hanyar kansa da tsarin BeyondRAID wanda akwatinsa ne kawai aka ƙera ya karanta. Da kamfanin da ya mallake shi, StorCentric, ya shigar da takardun karyewar arziki a 2022, masu waɗannan akwatuna suka rage da faifai cike da bayanai masu lafiya, waɗanda buɗe su ya dogara ga samun wani tsohon Drobo mai aiki, ko manhajar ceto ta musamman da ta san wannan tsari.